Rawani, Harshe da Tukunya: Sansanin Yaran Sikh a Ƙasashen Waje



Kwamitin ilimi na reshenmu ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda wata al'umma take koya wa 'ya'yanta abin da makarantar gwamnati ba ta koyarwa. Na zaɓi mabiya addinin Sikh mazauna Birtaniya, Kanada da Amurka. Da yawanmu mun san su ba tare da mun san sunansu ba: su ne masu rawani da gemu da muke gani a finafinan Indiya.

Asalinsu yankin Punjab ne, wanda aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. Wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, an haife shi a 1469 a garin da yanzu ake kira Nankana Sahib, cikin Pakistan. Shugabanni tara suka biyo bayansa, kuma na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, ya bar musu littafinsu, Guru Granth Sahib, a matsayin jagora. Neman abinci ya kai su ƙasashe da dama. Wasu ma sai da suka zauna a Kenya da Uganda kafin su wuce Ingila. Ƙidayar 2021 ta sami mabiya Sikh sama da 520,000 a Ingila da Wales, da kimanin 770,000 a Kanada.

To, ina matsalar take? Tana kan yaro, a zahiri. Addinin ya hana aske gashi, saboda haka ɗan firamare yakan tattara gashinsa a tsakiyar kai ya rufe da ɗan ƙyalle da suke kira patka, kafin ya isa naɗa rawani. A unguwa irin Southall ta yammacin Landan, inda suke da yawa, wannan ba abin kallo ba ne. Amma a ƙaramin gari yana iya zama shi kaɗai a duk makarantar. Mu da muke tsayawa a bakin fili lokacin tara mun san abin da yara ke yi wa wanda ya fita daban. Wani ya tambaye shi ko shi mace ne, wani ya kai hannu ya fizge ƙyallen. Ya koma gida ya ce a kai shi wurin mai aski.

Ba yara kaɗai ke yin haka ba. A 1978 shugaban wata makarantar kuɗi a Birmingham ya ƙi karɓar wani yaro mai suna Gurinder Singh Mandla sai in ya aske ya ajiye rawani. Mahaifinsa ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har 1983, lokacin da alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli, suka yanke hukunci cewa an nuna wa yaron wariya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne malami ɗan'uwanmu ne ya rufe ƙofar, da sunan kayan makaranta. A Amurka abin ya wuce haka: kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wani ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa a jihar Arizona saboda rawaninsa.

Shari'a tana iya buɗe wa yaro ƙofar aji, amma ba za ta sa masa amsa a baki ba in aka tare shi a bayan aji. Wannan giɓin ne sansanin hutu yake ƙoƙarin cikewa. Ƙungiyoyi irin su Sikh Missionary Society da ke Southall sun daɗe suna shirya shi duk shekara, haka ma wuraren ibadarsu da ake kira gurdwara. Yawanci mako guda ne a lokacin dogon hutu.

Ana tashin yara tun da duhun asuba, su yi wanka, su zauna karatun addu'ar safe da suke kira Japji Sahib. Da hantsi a shiga darasin tarihi da na harshe. Da rana akwai ƙwallo da gatka, wato wasan sanda da takobi na gargajiya. Akwai kuma koyon rera waƙoƙin littafinsu tare da wani akwatin kiɗa mai zugazugi da tagwayen gangunan tabla. Ana bayyana musu alamomi biyar da Guru Gobind Singh ya kafa a 1699: gashin da ba a askewa, mataji na katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando da 'yar wuƙa. Duk wannan darasi ne, kuma ana iya samunsa a littafi.

Abin da littafi ba ya bayarwa shi ne wannan: tsawon mako guda yaron ba shi ne baƙon abu ba. Ko ta ina ya waiwaya, kai irin nasa yake gani. Wanda ke tsaye tare da shi gaban madubi yana nuna masa yadda ake kama bakin rawani galibi ɗalibin jami'a ne, wanda aka haifa a ƙasar, yake magana da irin Turancinsa, kuma shi ma an taɓa fizge masa ƙyalle. In tsoho ya ce masa ya daure, sai ya ce a ransa tsoho bai san makarantarsu ba. Wannan yayan kuwa ya sani. Yara mata ma suna da nasu, domin a inda ake tallar kayan cire gashi ta ko'ina, budurwar da ta ce ba za ta taɓa nata ba tana bukatar yayar da za ta yi wa tambayar da ba za ta iya yi wa uwa ba.

Sai batun tukunya, wanda a ganina nan ne gwanintar koyarwarsu take. Suna da al'adar langar: a kowane gurdwara ana dafa abinci marar nama, a ba duk wanda ya shigo kyauta, kowa ya zauna a ƙasa a jere, mai kuɗi kusa da talaka. A sansani yaran ne ke murza gurasa, su zagaya da bokitin miyar wake, su wanke kwanuka. Ba sai an rubuta daidaito a allo ba, ɗan likita ya riga ya zuba wa ɗan direba ruwa. A nan ma harshen yake shiga, don kalmar da yaro ya ji yana riƙe da ludayi ta fi zama fiye da wadda ya kwafa a takarda.

Amma kada in yi musu kwalliyar da ta wuce kima. Harshe shi ne inda sansanin ya fi rauni. Ana rubuta Punjabi a Indiya da baƙaƙen Gurmukhi, waɗanda asalinsu 35 ne, kuma da su aka rubuta Guru Granth Sahib mai shafi 1,430. (A ɓangaren Pakistan da baƙaƙen Larabci ake rubuta harshen, kamar ajaminmu.) Yaro mai ƙwazo zai iya haddace baƙaƙe 35 a mako guda, amma duk wanda ya riƙe aji ɗaya ya san tazarar da ke tsakanin sanin baƙi da iya karatu. Ƙari a kan haka, harshen littafin tsoho ne, gauraye da wasu harsunan arewacin Indiya da Farisanci, har wanda ya tashi a Punjab yana bukatar mai yi masa bayani. Shi ya sa akasarin tattaunawa a sansanonin da Turanci ake yi, kuma yara da yawa suna bin addu'a ne daga rubutun boko da fassara a ƙasa. Dattawansu wasu na ganin wannan sakaci ne, matasa kuma suna cewa gara yaro ya fahimta da Turanci da ya rera abin da bai sani ba. Ni dai na fi karkata ga matasan, muddin ba a tsaya nan ba.

Kuma ba a tsaya ba. Gurdwara da dama suna da ajin Punjabi na ƙarshen mako, a Ingila ma ɗalibi yana iya zana jarrabawar harshen a ƙarshen sakandare. Sansani yana kunna sha'awa, ajin Asabar da Lahadi ya riƙe ta, sauran aikin yana hannun iyaye: in yaro ya dawo ya gai da kakarsa da Punjabi mai gargada, a amsa masa da Punjabi, kada a yi masa dariya.

Shugaba ya nuna mini agogo, saboda haka zan dakata a nan, in akwai tambaya sai mu tattauna.