Dunƙulallen Kuɗi da Tikitin Naira 200: Abin da Ke Mayar da Ma'aikacin Abuja Rumfar Loto Kullum



Hukuncin caca ba ya buƙatar bayani a wannan zaure. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun gama magana, kuma mutumin da ke tsaye gaban rumfar loto a Nyanya ko Kubwa ko Dei-Dei ya san da su. Yana jin huɗuba ranar Juma'a, maƙwabcinsa Kirista yana jin makamanciyarta ranar Lahadi, ranar Litinin kuma su haɗu a layi ɗaya, kowa da lambobinsa a takarda. Abin da wannan takarda ke tambaya shi ne me ke mayar da su can kullum. Amsar da zan kare ita ce: yawancinsu dunƙulallen kuɗi suke nema, birnin nan yana tambayarsu shi, kuma bai bar musu wata hanyar tara shi ba. Hukumomin da ya kamata su ga haka sun fi damuwa da wanda zai karɓi kuɗin lasisi.

Mu fara da lissafi, domin a nan ne ake ɓoye wa mutane gaskiya. Loton da ya fi yaɗuwa a Najeriya, wanda jama'a ke kira Baba Ijebu saboda Kessington Adebutu da ya kafa Premier Lotto a 2001, yana tafiya ne a kan fitar da lambobi 5 daga cikin 90. Wasan da aka fi bugawa shi ne na lamba biyu, wanda masu yi ke cewa tu-shuwa. Ana iya haɗa lambobi biyu daga 90 ta hanyoyi 4,005, kuma 10 ne kawai daga cikinsu ke faɗawa cikin biyar ɗin da aka fitar. Wato damar ci 1 ce cikin 400 da ɗoriya. Ninkin da aka saba biya a wannan wasa 240 ne. Idan aka tara duk abin da masu wasa suka zuba, daga kowace naira 100 kusan naira 60 ce ke komawa hannunsu, naira 40 ta tsaya a can.

Wannan shi ne mai sauƙin. A lamba uku damar ci 1 ce cikin 11,748, ninkin da aka saba biya 2,100, abin da ke komawa ga masu wasa bai cika kashi 18 cikin 100 ba. A lamba huɗu 1 ce cikin 511,038, ninki 6,000, abin da ke komawa ya ɗan haura kashi 1 cikin 100. A lamba biyar 1 ce cikin 43,949,268, ninki 44,000, wato kobo 10 daga kowace naira 100. Gwargwadon girman ladan da aka nuna wa mutum, gwargwadon tsadar da yake sayensa. Ina roƙon mahalarta su duba kowace rumfa da ke kan hanyarsu ta gida yau, su ga ko an rubuta ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma a jikinta.

Mu ɗauki mai gadi ko direba da ke buga naira 200 a lamba biyu kowace rana. A wata ya kashe naira 6,000, kusan kashi 9 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. A shekara ya kashe naira 73,000. In ya ci sau ɗaya, naira 48,000 zai karɓa. Kuma cikin mutum 10 masu irin wannan wasa, kusan 4 za su kai ƙarshen shekara ba su ci ko sau ɗaya ba. Amma ga wani alƙalami da ba a cika kula da shi ba: damar da ɗaya daga cikin lambobinsa biyu za ta fito ita kaɗai ta kai 425 cikin 4,005, fiye da kashi 10 cikin 100. A shekara zai ga haka kusan sau 39. Sau 39 zai koma gida yana cewa saura ƙiris, ɗaya ta fito, ɗayar ce ta kuskure. Ba a biya shi ko sisi ba, amma an ba shi dalilin dawowa gobe. Masu cacar ƙwallo a waya suna da tasu irin wannan magana, cewa wasa ɗaya ne ya yanka musu tikiti. A kan wannan ne masu hasashe ke cin abinci da allunansu na tsofaffin lambobi, alhali injin da ke fitar da ƙwallayen bai san abin da ya fitar jiya ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayanin wani ɓangare na wannan. Kahneman da Tversky sun nuna tun 1979 cewa mutane kan ba ƙaramar dama nauyin da ya fi nata. A 2008 Haisley da Mostafa da Loewenstein suka gano a Amurka cewa idan aka sa mutum ya ji shi matalauci ne a kan wasu, ya fi saurin sayen tikiti. Na yarda da su, sai dai bayaninsu bai isa ya fassara layin da ake yi a Mpape ba.

Binciken da ya fi kusa da halinmu shi ne na Sylvan Herskowitz, wanda aka buga a 2021, a kan masu cacar wasanni 1,708 a Kampala ta Uganda. Ya gano cewa adadin da mutum ke harin ci yana da alaƙa da wani babban kashe kuɗi da ke gabansa, irin wanda ba ya rabuwa, kuma idan ya ci, can kuɗin ke tafiya. Da aka sauƙaƙa wa wasu daga cikinsu hanyar ajiya, sai buƙatarsu ta caca ta ragu. Wannan sakamakon na ƙarshe shi ne ya kamata a karanta wa duk jami'in da ke cewa matasanmu son banza kawai ke damunsu.

Yanzu mu dubi Abuja da wannan ido. Kuɗin haya a nan na shekara ake biya gaba ɗaya, wani lokacin na shekara biyu, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya. Mai ɗaki a Lugbe ko Karu ba ya karɓar na wata. Babur ɗin haya ko Keke Napep ba a sayen rabinsa. Kuɗin makaranta, kuɗin asibiti kafin a taɓa mara lafiya, lefe da sadaki, jarin tireda, duk a dunƙule suke zuwa. Shi kuwa kuɗin shigar lebura ko mai wankin mota a warwatse yake zuwa, dubu biyu yau, gobe babu. In ya ce zai tara, abubuwa biyu ke cinye tarin. Na farko hauhawar farashi: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Naira 100,000 da aka ajiye shekara guda a irin wannan yanayi ba za ta sayi fiye da abin da naira 74,000 ke saya a da ba. Na biyu, ɗan ci-rani ne, gida na jiransa a Funtuwa ko Gusau ko Azare, kuma kuɗin da aka san suna hannunsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Babu mai mutuncin da zai ce wa mahaifiyarsa babu alhali akwai. Ku lura da tazarar: a lissafin 2024 ajiya ta ci kashi 26, loto na cin kashi 40. Loto ya fi muni ƙwarai, amma a idon wanda ya riga ya fid da rai cewa naira 200 za ta taɓa zama kuɗin haya, asarar ba ta da girman da muke gani daga wannan zaure. Ita naira 200 ɗin a wurinsa ruwa ce a kwando ko ya buga ko bai buga ba.

Muna da tsohuwar amsa ga wannan matsala, wato adashi, wanda ke mayar da ƙananan kuɗi dunƙulalle kuma ya mayar wa kowa abin da ya zuba cif. Amma adashi yana son mutanen da suka san juna, suka san gidan uwar adashi. A unguwannin da rusau ke iya tashin mutane cikin mako guda, amana ba ta samun lokacin kafuwa. Rumfar loto kuwa ba ta tambayar wanda ya san ka.

Sai batun hukuma, inda haƙurina ya fi ƙarewa. Dokar Loto ta Ƙasa ta 2005 ta kafa hukumar kula da loto da asusun amana na loto, dukansu a nan Abuja. Jihar Legas ta kai ƙara a 2008 cewa Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yin doka a kan caca a jihohi. Sai a ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ta ba jihohi gaskiya, ta ce dokar ba ta aiki a ko'ina sai a Babban Birnin Tarayya. Shekara 16 ana shari'a a kan wa ke da iko, ba a kan wa ke cutuwa ba. Kano ta bi tata hanyar, Hisbah na rufe shagunan caca a ƙarƙashin dokar jiha. A nan kuwa, rumfar Nyanya tana ƙarƙashin dokar tarayya, ta Mararaba da ke gaba kaɗan tana ƙarƙashin Nasarawa, ta Madalla ƙarƙashin Neja, manhajar da ke cikin waya kuma ba ta san iyaka ba. Abin da wannan hukunci ke nufi shi ne Abuja ce kaɗai wurin da gwamnatin tarayya ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Me aka yi da wannan iko? Ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024 sun sa a riƙa cire kashi 5 cikin 100 daga abin da mai wasa ya ci. An tuna da rabon gwamnati a cikin naira 48,000 ɗin mai gadi. Ƙudirin da Sanata Smart Adeyemi ya gabatar a 2022 don a rage kuɗin hayar da ake biya gaba a Abuja, wanda ya taɓa ainihin jijiyar matsalar, ya tsallake karatu na biyu, Majalisa ta tara ta tashi a 2023 bai zama doka ba.

Ina da buƙatu, kuma babu mai tsada a cikinsu. A wajabta wa duk mai lasisi a Babban Birnin Tarayya ya buga damar ci da kason da ke komawa ga masu wasa a jikin kowane tikiti da kowace rumfa da fuskar kowace manhaja, da Hausa da Turanci da Fijin, da manyan baƙaƙe: 1 cikin 400, 1 cikin 11,748. A bayyana wa jama'a rumfuna nawa ne ke da lasisi a kowace ƙaramar hukuma cikin shida, daga AMAC zuwa Abaji, da nawa aka rufe saboda sayar wa yaran da ba su kai shekara 18 ba. Sanatar Abuja da 'yan majalisar wakilanta biyu su dawo da ƙudirin haya. Malamanmu kuma, ban da wa'azi, su zauna da Jaiz da TAJBank, bankunan da ba sa mu'amala da riba kuma hedikwatarsu tana cikin garin nan, a fito da asusun ajiya na naira 200 a rana wanda ake kulle shi sai ranar biyan haya, a sa wakilinsa a tashar Nyanya da kasuwar Dei-Dei, kusa da rumfar loto, a buɗe shi a sa'o'in da take buɗe.