Hannun da Aka Ce Ya Mutu: Yoga Mai Sauƙi ga Masu Ciwon Jijiya da Ƙwaƙwalwa



Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san abin da muke faɗa: "Ai hannun ya mutu." Da zarar an furta haka, sai kowa ya cire rai da hannun, har mai shi. A ɗora masa shi a cinya kamar kayan aro, ya ci da ɗaya, ya yi alwala da ɗaya. Alhali sau da yawa akwai sauran saƙo da ke kai-komo tsakanin hannun da ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa tana sake shimfiɗa hanyoyinta ne ta inda aka yawaita bi. Gaɓar da aka yi watsi da ita tana ƙara nisa da mai ita. A kan wannan watsin takardata ta tsaya.

Wata hanyar komawa ga irin wannan gaɓar ita ce yoga, wadda daga Indiya ta fito. Ku manta da hotunan masu tsayuwa a kan kai. Ba su nake nufi ba. Wadda ta shiga asibiti ita ce irin wadda Jon Kabat-Zinn ya sa a shirinsa na mako takwas a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979: motsi a hankali, lura da numfashi, da bin jiki da hankali gaɓa-gaɓa daga yatsun ƙafa zuwa kai. Matthew Sanford na Minnesota, wanda haɗarin mota ya shanye masa jiki daga ƙirji zuwa ƙasa yana ɗan shekara 13, ya zama malamin yoga daga kan keken guragu, yana koya wa irinsa su saurari ɗan abin da ya rage na ji a gaɓoɓinsu.

To, me bincike ya nuna? A nan sai mu yi wa kanmu adalci. A 2019 mujallar JAMA Neurology ta buga gwajin da aka yi a Hong Kong da mutum 138 masu cutar kakkarwa ta Fakinsan. Bayan mako takwas, masu yoga da masu atisayen da aka saba duk sun samu sauƙin motsi daidai wa daida, amma masu yoga sun fi samun raguwar fargaba da baƙin ciki. A Oregon kuma, binciken 2004 kan masu cutar da ke cinye rigar jijiyoyi, wadda likitoci ke kira MS, ya nuna raguwar gajiya bayan wata shida. Amma a kan shanyewar ɓarin jiki, wadda ta fi damunmu a nan saboda yawan hawan jini, nazarin Cochrane na 2017 gwaji biyu kacal ya samu, kuma ya ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Don haka wanda ya ce muku yoga na warkar da shanyewa, kasuwarsa yake ci. Abokiyar magani da gashi ce, ba ta maye gurbin ko ɗaya.

Yadda ake yi ba shi da tsada. Majinyaci ya zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafa a ƙasa. A tambaye shi: kana jin sanyin siminti a dama? A hagu fa? Idan ya ce babu, kada a ce ya ƙara ƙoƙari; a bar hankalinsa ya ɗan zauna a wurin. Sai ya sarƙe yatsun hannayensa, mai lafiyar ya ɗaga ɗan'uwansa yayin shaƙar iska, ya sauke yayin fitarwa, idonsa na kan hannun. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Juma'a. Na ga wata tsohuwa da ta fashe da kuka ranar da ta ji kaushin tabarma a diddigenta, abin da mu da ke tsaye ba mu ɗauke shi komai ba.

Akwai inda ake ɓarna, kuma yawanci da kyakkyawar niyya. Kada mai jinya ya fizgi hannun da ya shanye, domin kafaɗar a sake take, tana iya gocewa. Mai Fakinsan jininsa na iya faɗuwa idan ya miƙe farat ɗaya, sai jiri ya kayar da shi. Ya tashi mataki-mataki, da abin dafawa kusa. Mai MS zafi na tayar masa da ciwo, don haka a yi da sassafe, ba da azahar ɗin watan Afrilu ba.

Na san tambayar da ke bakin wasunku game da addini, kuma tana kan hanya. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda kirarin ibadar Hindu da ke cikinta. Abin da na bayyana babu kirari, babu kiran sunan kowa: zama ne, numfashi, da lura. Majinyacin da sunan ya tsaya masa a rai, a ce masa motsa jiki cikin natsuwa. Mutumin da ya saba tattara hankalinsa sau biyar a yini, kuma addini ya sauƙaƙa masa yin salla a zaune, ba baƙo ba ne a wannan fage.

Roƙona ga sassan gashi: kafin a sallami majinyaci, a ware kwata ɗin awa a koya wa mai jinyarsa wannan zama, a rubuta abin da aka gani duk zuwan asibiti, mu samu alƙalumanmu na kanmu.