Jawabi Ga Manoma: Shuka Lalle A Bayan Gida



Ba a bikin aure a ƙasar Hausa sai da lalle. Mata suna ƙunshi da shi ran salla da ran suna. Duk da haka gidaje da yawa saye suke yi a kasuwa, alhali ga fili a bayan ɗaki yana zaune banza.

Lalle ɗan rana ne. Wanda ya dasa shi a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ya yi aikin banza, domin zai yi tsawo ne kawai ba ganye. A nema masa sarari inda rana take dukansa tun safe. Yana jure fari, amma ba ya son inda ruwa yake kwanciya. A irin wannan wuri saiwarsa ruɓewa take yi.

Ana shuka shi da iri, ana kuma dasa reshe. Irin yana da taurin ɓawo, sai an jiƙa shi kwanaki, ana sake masa ruwa kullum, kafin ya tsira. Reshe ya fi sauƙi. Idan damina ta zauna, a yanko reshe mai ƙwari, tsawon kamu 1, a binne rabinsa a ƙasa mai taki. A bar taku 1 tsakanin wannan da wancan. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Idan ya kama, shi da kansa zai zama shinge, ga fure mai ƙanshi da yamma.

Wurin shanya ne mutane suka fi yin asara. Mace za ta tsinke ganye ta baza shi a tsakar rana don ya bushe da wuri. Sai ya koɗe, mai saye ya raina shi. A shanya a inuwa bisa tabarma, inda iska take shiga. A daka, a tankaɗe, a rufe a mazubi busasshe. Bayan an yanke rassan, kututturen zai sake tohowa, shekara da shekaru.

Sai gargaɗi ga iyaye mata. Lalle na gaskiya ja yake yi a fata. Wanda ake kira baƙin lalle galibi an haɗa shi da sinadarin rina gashi, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, wani har tabo. Kuma kada a shafa wa jariri lalle, ko da na gida ne, domin akwai jariran da yake lalata musu jini.