KAYAN GIRKI NA ZAMANI: WANNE ZA A SAYA, WANNE ZA A BARI?

Jawabi ga jama'ar unguwannin Hausawa na Agege, a Ikko



 Maganar da na zo da ita yau ta ɗakin girki ce, amma kada maza su ce babu ruwansu, gama idan an yi asara, aljihun maigida da na uwargida duka za su ji a jika.

Tun sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta ƙaruwa a nan Agege, har Zango ta zama gari guda. Kakanninmu mata da suka biyo su ba su zo da kome ba sai turmi da taɓarya, da dutsen niƙa, da muciya da maburgi. Daga baya risho ya shigo, sa'an nan tukunyar gas ta biyo baya. Yau kuwa, wanda ya shiga kasuwar Alaba ko ya zaga kantunan Pen Cinema zai ga na'urori iri iri, ta markaɗe da ta gasa burodi da ta dafa shinkafa, kowace mai sayarwa ya ce gida ba ya zama gida sai da ita.

Ba laifi ba ne a yi amfani da abin da zamani ya kawo, domin in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Abin damuwa shi ne yadda a ke sayensu. Da can gasar jeren amarya da kwanuka da tasoshi a ke yin ta, yanzu ta koma kan kayan lantarki. Uwa ta kan kwashe adashinta na shekara guda, uba ya ci bashi, don kada a ce 'yar wance ta fi tasu. Bayan shekara uku, in ka shiga ɗakin, sai ka iske rabin kayan suna cikin kwalayensu a bisa kabad, bashin kuwa ba a gama biya ba. Saboda haka na zo da tambayoyi huɗu da ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya kwance bakin jaka.

Tambaya ta fari: me mu ke dafawa kullum?

Tukunya ce ya kamata ta zaɓi na'ura, ba idon maƙwabta ba. Uwargida ta zauna ta lissafa abin da ta girka cikin mako guda. A yawancin gidajenmu za a sami tuwo da miya, shinkafa da wake, ɗanwake, koko da ƙosai, da shayi. Sa'an nan ta duba wane aiki ne ya fi cin lokacinta da ƙarfinta. Galibi abu uku ne: markaɗen kayan miya, da tafasa ruwa, da dafa abu mai tauri kamar wake ko ganda ko ƙafar saniya. Na'urar da ta rage ɗaya daga cikin waɗannan ta cancanci a dube ta. Wadda kuwa ba za a taɓa ta ba sai da salla, ba ta cancanci kuɗinku ba. Alal misali, tukunyar lantarki ta dafa shinkafa ba ta yin abin da tukunyar gida ba ta yi, kuma har yau tuƙin tuwo sai muciya.

Tambaya ta biyu: wuta nawa ta ke ci?

Kuɗin na'ura ba ya ƙarewa ranar da aka saye ta, kullum aka kunna ta sai an sake biya. A jikin kowace na'ura akwai lamba wadda harafin W ya ke biye da ita, watau wat, ma'aunin ƙarfin wutar da ta ke ja. Na'ura mai wat 1,000 idan ta yi aiki na sa'a guda, ta cinye yunit ɗaya a mita. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, watau NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana.

To, mu yi lissafi da wannan farashi. Blanda mai wat 400, in ana markaɗe da ita minti goma kullum, yunit biyu za ta ci a wata, watau Naira 450. Murhun lantarki kuwa mai wat 1,500, in ana girki da shi sa'a biyu kullum, yunit 90 zai ci a wata, watau Naira 20,250. Ƙa'idar da za ku riƙe ke nan: na'urar da ke juyawa ba ta cin wuta sosai, wadda ke yin zafi ita ce mai cinye kuɗi, musamman in ta daɗe a kunne.

Har wa yau, sai a tuna ba kullum a ke samun wutar ba. Butar lantarki ta kan ja wat 2,000 ko kusa da haka, ƙaramin janaretan da ke yawancin gidajenmu kuwa ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai ɗauke ta ba. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, girki da wutar janareta ya zama ɓarnar dukiya. Kada wani ya jingina abincin iyalinsa ga wutar da ba shi da iko da zuwanta.

Tambaya ta uku: gidanmu zai ɗauke ta?

Yawancinmu a nan gidajen haya mu ke zaune, ɗaki na kallon ɗaki, madafa ɗaya, wani lokaci mita ɗaya. Wayoyin tsofaffin gidaje don fitila da fanka aka sa su. Filogi mai ƙafa uku irin namu ba ya ɗaukar fiye da kimanin wat 3,000. Idan aka haɗa buta da murhu da dutsen guga a soket ɗaya, waya za ta yi zafi ta narke, gobara kuwa in ta tashi a irin waɗannan gidaje ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Ina kuma jan kunnenku game da hitar nan da a ke tsomawa cikin bokiti. Tana da araha, amma in aka manta da ita, ko yaro ya sa hannu a ruwan, sai dai Allah ya kyauta.

Mai tukunyar gas ya ajiye ta a tsaye inda iska ke ratsawa, ya riƙa gwada bututun da ruwan sabulu, ba da ashana ba. In aka ji warin gas, a rufe kan tukunyar, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki. Kada a shiga da gawayi ko janareta cikin ɗaki a rufe ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki ta ke, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. In gobara ta tashi a jihar nan, a kira lamba 112 ko 767.

Tambaya ta huɗu: nagari ce, kuma za a iya gyara ta?

Wutar ƙasarmu mai ƙarfin 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Wannan lamba ita ce wadda harafin V ya ke biye da ita. Wanda ya sayi na'urar kwance da aka yi don Amurka, ya jona ta kai tsaye, nan take za ta ƙone. Kada ku yi cinikin biri a sama. A gwada na'ura a gabanku, ku karɓi rasit, ku tambaya ko ana samun kofinta da wuƙarta da robarta in sun lalace. Hukumar kula da ingancin kaya, watau SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin hana shigo da jabun kaya, amma idon mai saye shi ne mai gadi na farko. Araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.

To, wanne za a saya?

Ga shawarata bi da bi. Da farko murhu mai kyau wanda ba ya hayaƙi. Na biyu, tukunyar nan mai kulle tururi. Ba ta bukatar lantarki, kuma da ya ke ruwa a cikinta ya kan kai zafin digiri 120 maimakon 100, wake da ganda su kan nuna cikin rabin lokacin da aka saba, ko ƙasa da haka. Sai dai kada a cika ta har baki, kada kuma a buɗe ta sai tururin ya fita sarai. Na uku, blanda mai ƙwari don kayan miya da damun fura, amma ƙullun ƙosai ko na waina mai yawa gara a kai injin markaɗe na unguwa. Na huɗu, filas da kula, waɗanda ke riƙe zafi ba da ko kwabo ba. Butar lantarki sai ga mai samun wuta sosai, shi ma ya tafasa iyakar ruwan da ya ke bukata.

Ga mata masu sana'a a cikin gida, lissafin ya ɗan bambanta. Injin taliya na hannu, ko babbar blanda ga mai kunun aya, jari ne, muddin an ƙididdige watannin da zai mai da kuɗinsa.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyaye mata, in an tashi yi wa 'ya kayan ɗaki, a saya mata abu uku da za ta yi aiki da su kullum, sauran kuɗin a ba ta ta ja jari. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ina kuma roƙon malamai da shugabanni su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami zuwa ba, a Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwanninmu.