Mota Mai Ja Da Ƙafa Huɗu Da Rafin Damina

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin abin da ke cikinta ya shafi duk mai mota a ƙauye, har ma da wanda yake hawa ta wani zuwa kasuwa da damina.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a ƙasar Haɗeja. Ya ce shi da ƙaninsa suka haɗa kuɗin shinkafa da tattasai na shekara biyu, suka sayi tsohuwar Toyota Hilux mai ja da ƙafa huɗu, mai shan gas, suna kai kaya kasuwannin mako da ita. A kan hanyarsu akwai wani rafi marar gada. Tun da ruwa ya zauna sai ƙafafun baya suka soma wani irin kuka idan ana gudu. Da makaniki ya kwance aksul, sai ga man da ke ciki ya yi fari kamar kunun gyaɗa, boris kuma ya cinye. Makaniki ya ce jabun mai aka sayar musu, shi kuwa mai sayar da man ya rantse nasa na ƙwarai ne. Malamin yana tambaya, wa zai kama?

To Malam, mun gode da wasiƙarka, amma kada ka kama kowa tukuna. Bisa ga abin da ka bayyana, mai laifin yana nan kwance a kan hanyarku, wato rafin nan. Man giya ba ya yin fari haka sai ruwa ya gauraya da shi.

Ga yadda abin yake faruwa. A saman kowane aksul akwai wata 'yar ƙaramar kafa da yake numfashi ta cikinta. Idan mota ta yi tafiya mai nisa da lodi, aksul yakan yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita. Da zarar an tsunduma shi cikin ruwan sanyi, sai iskar ta tsuke nan take, shi kuma ya zuƙo ruwa ta wannan kafa ko ta bakin robar da ke tare mai. Mai da ruwa idan suka haɗu santsi ya tafi, sai ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Kukan da kake ji ke nan.

Maganinsa ba shi da tsada. Na farko, idan kun iso bakin rafi ku tsaya kamar minti 15 mota ta huce. Na biyu, ka sa makaniki ya jona siririn tiyo a kan kafar numfashin nan, ta gaba da ta baya, ya ja shi sama ya ɗaure inda ruwa ba ya kaiwa. Na uku, duk makon da aka ratsa ruwan da ya rufe aksul, a kwance noti a duba man. In ya sauya kama a juye shi a ranar, a zuba sabo mai lamba 90 ko wanda littafin motar ya ambata. Kuɗin lita biyu ko uku na mai ina zai kai kuɗin boris da haƙoran aksul?

Amma fa Malam, ka gode wa Allah da abin ya tsaya a aksul, domin akwai wanda ya fi shi, wato ruwa ya shiga inji. Inji iska yake shaƙa, fistin ya matse ta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Idan inji ya shaƙi ko da rabin kofi ne, fistin ya taso ya tarar da shi, to sandar da ke tura fistin ɗin ita za ta lanƙwashe ko ta karye. Injin gas irin naku ya fi na fetur saurin lalacewa ta haka, saboda matsinsa ya kai ninki biyu na mai fetur. Don haka ka buɗe gaban motarka ka ga ta inda take shaƙar iska, ka san tsayin wurin daga ƙasa.

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye, na ga wannan da idona. Wata Land Rover ta ɗauko 'yan kasuwa, ta mutu a tsakiyar rafi. Direba ya yi ta murɗa makulli, mutane na ce masa ƙara, ƙara. Sai muka ji ƙwas! Shi ke nan. Shanu aka ɗaura suka jawo ta, ta yi shekara biyu a gindin tsamiya kaji na yin ƙwai a cikinta. Saboda haka idan mota ta mutu a ruwa, kada a sake tayar da ita. A jawo ta waje, a ciro matatar iska a duba. In ta jiƙe, makaniki ya kwance fulogi, ko nozul idan mai gas ce, ya juya injin ruwan ya fita, a kuma juye baƙin mai kafin a tayar.

Na san wasu direbobi za su ce ai motata ba ruwan da zai tsayar da ita. To ku saurara. Su kansu masu ƙera motocin sun sa iyaka. Tsohuwar Land Rover Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016, santimita 50 aka yarje mata, wato kamar gwiwar babban mutum. Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara fitarwa a 1984, santimita 70 ne nata. Wannan kuma ga ruwan da ke kwance ne, da mota mai lafiya. Ruwa mai gudu hukuncinsa daban. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ku auna nauyin da ke dukan gefen mota idan rafi ya kawo. Masana sun yi gargaɗi cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da a-kori-kura, na santimita 15 kuwa yana iya kayar da mutum. Ƙafa huɗu ba ta da amfani idan tayoyin sun bar ƙasa. Mutanen Haɗeja ba sa bukatar a ba su labari, sun ga ambaliyar 2022, shekarar da ruwa ya ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya.

To yaya ake ratsawa idan ya zama dole? A sauka a duba da sanda, a san zurfi, a san ko ƙasan yashi ne ko taɓo, a kuma ga inda za a fita a wancan ƙetaren. In ruwan ya wuce gwiwa kuma yana ja, a haƙura. Rafin da ya kawo bayan ruwan sama sau da yawa yakan janye cikin 'yan sa'o'i, kuma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. In ya ratsu, a murɗa makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba idan motar tana da su, a sa ƙaramar giyar ƙarfi, a sauke gilasai, a shiga da lamba biyu sannu a hankali ba tsayawa. Kada a taka kuloci ko a canza giya a tsakiyar ruwa. Da dare kuwa kada a shiga sam.

Bayan an fito, a ɗan riƙa taka birki ana tafiya a hankali har ya bushe, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa. Da an hau kwalta a cire ƙafa huɗun, barinta a kan busasshiyar hanya yana cin taya yana wahalar da giya. In an koma gida a wanke lakar da ta maƙale a ƙarƙashi da jikin lagireto, a bi farfela da giris.

Malam, ka je ka ba mai sayar da mai haƙuri idan ka riga ka faɗa masa magana, ka kuma karanta wa direbanka wannan amsa. Kasuwar da ta wuce ku wannan mako za ta sake ci mako mai zuwa. Allah ya sa albarka a cikin motar, ya tsare mu da dukiyoyinmu.