Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Ƙananan Halittu

 

'Ya'yana masu kammala karatu, na san an sha tambayarku a gida: wai wannan karatu naku, me ake yi da shi? In an sake tambaya, ku ba su labarin Farfesa Christian Happi. Haifaffen Kamaru ne, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Ibadan, ya wuce Harvard a Amurka, sannan ya tattaro ya dawo ya jagoranci cibiyar ACEGID a garin Ede na jihar Osun. Sana'arsa karanta ƙwayoyin gadon ƙwayar cuta. Da Ebola ta sauka Legas a Yulin 2014, ɗakin gwajinsa na cikin waɗanda suka tabbatar ita ce. A Maris ɗin 2020, cibiyarsa da abokan aikinta ne suka fara warware tsarin ƙwayar korona a Afirka.

Amma aikinsa na 2018 ya fi tsaya mini a rai. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo suna daga wani gari a Borno tun 1969, ya ɓarke fiye da yadda aka saba, hankula suka tashi: ko sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane? Happi da abokan aikinsa suka karɓi jinin marasa lafiya, suka gwada ƙwayar wannan da ta wancan. Sai ga shi ba tushe ɗaya ba ne. Galibi kowa daga ɓera ya kwaso tasa. Nan take aka san inda za a sa ƙarfi: rumbu, kwanon abinci, garin da ake shanyawa a bakin titi. Wannan ma tsaron ƙasa ne, ko da babu kaki.

Sai dai wannan sana'a amana ce mai nauyi. A 2001 an aika ƙwayar antiraks cikin wasiƙu a Amurka, mutum 5 suka mutu, kuma da aka bi sawun ƙwayoyin gadonta, ɗakin gwaji aka tarar. Saboda haka kowane bututu ku rubuta masa lamba, ku kulle firji, ku san wanda ke riƙe da makulli.

Allah Ya yi wa karatunku albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.