Jawabi a Kan Masuntan Gulbin Kabi

 

In ana ba da labarin Kabi, akan fara ne da Muhammadu Kanta, wanda ya fita daga hannun Askiya na Songhai wajen 1516, ya gina Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi, har mayaƙan jihadi suka ci birnin a 1805, Kabawa suka tattara a Argungu. To, yau masunta da manoman fadama nake so in tuna muku, don a kan wuyansu sarautar nan ta tsaya.

Gulbin nan shi ne abincin Kabawa, shi ne kuma garkuwarsu. In ruwa ya cika fadama dawakin abokan gaba ba su iya ƙetarewa, mai jirgi kuwa ya bi inda ya so. Da kifi da shinkafa aka ciyar da mutanen Yakubu Nabame, sa'ad da ya ta da tutar Kabi a 1849.

Masuntan nan kuwa suna da shari'arsu tun kaka da kakanni. Sarkin Ruwa ke rufe ruwa don kifi ya hayayyafa, ba mai jefa homa sai an yi fashin ruwa. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, aka binne tsohuwar gaba, su aka yi masa don girmamawa. Wannan su na Matan Fada shi ne ya zama bikin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016.

Amma tun da aka gama madatsar Bakalori a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, kifi ya ragu. Saboda haka, ya ku ma'aikata, in rigimar tafki ko ta fadama ta zo gabanku, ku kira Sarkin Ruwa da dattawan masunta ku ji ta bakinsu kafin ku yanke hukunci. Wanda ya yi su a ruwan da aka rufe, abincin baɗi ya ci.

Allah ya ƙara wa Sarki nasara, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.